Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Al'adu: A Nemo Maginanmu Tun Suna Raye

Zuwa ga Mai Girma Ministan da ke kula da al'adu,
Jamhuriyar Nijar, Yamai.

Ranka ya daɗe, na rubuto maka ne game da tsofaffin gine-ginenmu na ƙasa, da kuma mutanen da suka iya gyara su, waɗanda ke raguwa shekara bayan shekara.

A farkon watan Satumba na 2024 tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya zube. Kusan duk mai waya a ƙasar nan ya ga bidiyon: bango yana saki, ƙura tana tashi, mutane suna salati. Masallacin yana tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19. Aka ce ruwa ne ya kada shi, kuma gaskiya ne daminar 2024 ta yi mana ɓarnar da ba mu saba gani ba, ta ci rayuka fiye da 300 a faɗin ƙasa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma wannan gini ya ga damina fiye da 150 bai faɗi ba, kuma ginin ƙasa ba ya faɗuwa rana ɗaya. Yakan fara da tsagewa, gindin bango ya zaizaye, indararo ya toshe, gara ta shiga azara. Duk waɗannan alamu ne da magini yake karantawa da ido tun a rani, ya magance su da ƙasa kaɗan da aikin ƴan kwanaki. Shekara ɗaya kafin wannan, ranar 11 ga Agusta 2023, wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a shekarun 1830, ya rufto a kan masu sallar la'asar, aka yi asarar rayuka. Manyan gine-gine biyu na ƙasar Hausa cikin damina biyu a jere. Wannan ya isa ya hana mai kula da al'adu barci.

Mun saba ɗaukar bango da soro a matsayin gadon da za a kare. A ganina babban gadon yana hannun magini da masassaƙi da maƙeri. Muddin suna nan, bangon da ya faɗi zai tashi. Ranar da suka ƙare, ko an ba mu dukiyar duniya, kwaikwayo kawai za mu yi da siminti da fenti.

Ka ba ni dama in ɗan tsaya a kan yadda ake wannan aiki, domin da yawa daga cikin masu sa hannu a takardun gyara ba su taɓa tsayawa a bayan magini yana aiki ba. Aikin daga rami yake farawa. Magini ya san inda ake haƙo birji mai kyau, ya san ƙasar da yashi ya yi wa yawa da wadda yumɓu ya rinjaya har za ta tsattsage in ta bushe. A kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a tattake, a bar ta ta yi kwanaki tana tsumuwa, sannan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Bango yakan fito da kauri daga tushe, yana sirancewa yayin da yake hawa, shi ya sa yake ɗaukar nauyin kansa da na rufi. Kaurin nan kuma shi ne ke sa zaure ya yi sanyi da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da ɗakin kwano a Yamai ba ya zaunuwa in an ɗauke wuta.

A rufi ne gwaninta take. Azara daga giginya ake tsaga ta, kuma masu sana'ar sun fi son namijin giginya da ya manyanta, domin gefen jikinsa na waje ya fi tauri, gara ba ta samun sa'arsa da sauƙi. Sai dai azara ba ta iya haye ɗaki mai faɗi in an ɗora mata nauyin ƙasa. Daga nan kakanninmu suka fito da bakan gizo: a dasa azara a jikin bango ta ɓangarori biyu, a karkato ta ciki, a ɗaure da igiya, a rufe da ƙasa, a jira ta bushe, sannan a ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. In aka giciya bakuna da yawa sai a sami ɗaurin guga, irin rufin da mutum ke shiga fada ya ɗaga kai ya manta abin da ya kawo shi. Babu zane a takarda, babu ƙarfe. Magini ne ya san iya leƙowar da kowace azara za ta jure, ya san ranar da ƙasar ta bushe har za a iya hawa kanta. Wanda ya yi gaggawa rufi ya danne shi. Irin wannan sani ba ya shiga kai ta hanyar karatu kaɗai. Sai yaro ya yi shekaru yana miƙa tubali, ana yi masa tsawa, kafin a bar shi ya ɗaura azara ko ɗaya.

Kuma magini ba shi kaɗai yake aiki ba. Ƙyauren fada masassaƙi ne ke fafe shi da gizago, maƙeri ya ɗaure shi da ƙarfe da ƙusoshin da ya ƙera da hannu. Indararo a da daga kututturen giginya ake fafe shi, ko mai ginin tukwane ya gasa shi. Makubar da ake shafa wa bango don ruwa ya zame daga ɓawon ɗorawa take. Laso kuwa, wanda ake shafe rufi da shi, haɗi ne na katsi daga ramin marina, da gashin jima daga majema, da dafara daga daji. Ke nan duk marinar da aka cike aka gina shago a kanta, duk ɗorawar da aka sare aka yi gawayi, an rage wa tsohon soro kwana, ko da ba wanda ya taɓa shi. Wannan ne ya sa nake ganin ba za a ceci gine-ginen nan daga ofis ɗaya ba, sai an haɗa da masu kula da gandun daji da masu kula da sana'o'in hannu.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato siminti. Mai gida ko kwamitin masallaci sun gaji da yaɓe kowace shekara, sai wani ya ba su shawara a shafe bangon da siminti a huta. Niyyarsu mai kyau ce, kuɗinsu kuma na halal. Amma bangon ƙasa yana shan laima yana fitar da ita, siminti kuwa ba ya barin ta fita. Zafi da sanyi ba sa motsa su daidai, don haka ba a daɗewa simintin yake tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa mafita, ƙasar ta narke a ɓoye, kan azara ya ruɓe. Daga waje gini yana ƙyalli, kamar an rufe miki da sabuwar riga. Ranar da ɓawon ya ɓalle, da rabin bango yake tafiya. Gwamnati ta rage kuɗin siminti bayan ambaliyar 2024, kuma talakan da gidansa ya rushe ya ji daɗin haka, ni ma na yaba. Ina dai roƙo a sa ido kada sauƙin nan ya ƙare a jikin bangayen Birni da na Agadas.

Za ka iya cewa, to me ya haɗa Yamai da wannan, tunda tsofaffin soraye suna Damagaram da Agadas da Doso da ƙauyukan Tawa? Yamai ta zama babban birni ne a 1926, bayan an ɗauke hedkwata daga Damagaram, kuma abin da take da shi na tsofaffin unguwanni ma ba ta riƙe da kyau ba. Tsohuwar Gawai ta bakin kogin Isa sunanta kawai ya rage a jikin otel. Amma baitulmali yana Yamai, doka daga Yamai take fita, kwangila a Yamai ake ba da ita. Abin da ya fi wannan, abin da Yamai ta raina ƙasa duka takan raina shi. In yaro a Tasawa ya ga duk ginin hukuma da na masu kuɗi bulo ne da gilashi, ba zai yarda ya gaji ubansa a kwaɓa ƙasa ba, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Takardu kam muna da su. Akwai doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 a kan kare kayan tarihi da al'adun ƙasa. Tun 2006 Nijar ta sa tsohon garin Damagaram da unguwar Birni da fadar Sarki, da fadar Zarmakwai ta Doso, da masallatan ƙasa na jihar Tawa cikin jerin wuraren da take fatan UNESCO ta amince da su. A 2013 tsohon garin Agadas ya shiga jerin kayan tarihin duniya, da hasumiyarsa mai tsawon mita 27, wadda ƙasa ce zalla da itatuwa. Itatuwan nan da suka leƙo daga jikinta su ne matakalar masu yaɓe. Wato tun ranar da aka gina ta an san za a riƙa komowa ana gyara ta, an kuma tanadi wurin taka ƙafa. Waɗanda suka gina ta sun yi nasu. Saura a tabbatar akwai mai hawa.

Kada a ce mana sana'ar ta mutu tun zamanin kakanni. A Yama, cikin jihar Tawa, Alhaji Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a a 1962, da ƙasa da hannun mutanen garin, wannan ya kawo ruwa, wancan ya kawo itace. Ya ci gaba da ƙara masa har 1982, ya sake rufin da bakuna da tulluwa, ya tayar da hasumiyoyi huɗu, kowace da kamanninta. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda manyan masu zanen gini na duniya ke nema. Manomi ne kuma magini daga ƙauye. Ina so in san yara nawa ne a makarantunmu aka taɓa faɗa wa sunansa. A Dandaji, lokacin da aka yi niyyar sabon masallaci, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gyara tsohon aka mai da shi ɗakin karatu, suka jawo maginan gargajiya cikin aikin, aka gina sabon da tubalin ƙasa da aka danne da inji, aka kammala a 2018. A nan Yamai ma akwai gidajen da ake kira Niamey 2000, na ƙasa, masu bene, waɗanda ba wanda zai kira gidan talauci. Tun 1980 kuma aka fara koya wa magina gini ba katako a Cikal, kusa da Filinge, saboda ƙarancin itace, ana rufa ɗaki da tubali zalla. Duk wannan a ƙasarmu aka yi. Abin da aka rasa shi ne hukumar da za ta tattara su ta mai da su tsari mai ɗorewa.

Waɗanda suka fi mu kuɗi ma hannu suka koma wa. Da majami'ar Notre-Dame ta birnin Paris ta ƙone a watan Afrilu na 2019, kafintoci ne suka sassaƙa ginshiƙan rufinta da gatari kamar yadda aka yi shekaru ɗaruruwa da suka wuce, aka sake buɗe ta a Disamba 2024. Sun iya ne saboda Faransa ba ta bar masu sana'ar sun ƙare ba. Tun 1994 take ba gwanayen sana'a lambar girma tare da sharaɗin kowanne ya koyar da almajiri. A Japan akwai wurin ibada na Ise da ake sake ginawa duk bayan shekara 20, don haka kowane kafinta yakan yi aikin yana yaro, ya sake yi yana gwani. Kusa da mu, maginan Tumbuktu ne suka sake tayar da hubbaren waliyyai da aka rusa a 2012, a Jenne kuma gari duka ke fitowa yaɓen babban masallaci kowace shekara, ƙungiyar magina tana jagora. A ko'ina dabarar ɗaya ce: kada aikin ya yanke har mai koyo ya rasa inda zai koya.

Saboda haka ga roƙona, ranka ya daɗe. Gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, tun kafa shi a 1959, bai tsaya ga ajiye kaya a bayan gilashi ba. Akwai dukawa da maƙeran azurfa da masaƙa da masassaƙa suna aiki a cikinsa, mai ziyara yana kallo yana saye. Rumfunansa an ƙawata su da zanen ginin Hausa, akwai kuma samfurin gidajen al'ummominmu. A buɗe wa magina fili a nan. Ba aji nake nufi da allo da benci ba. A kawo gwanaye daga Damagaram da Agadas da Tawa da Doso, a biya su albashin malami, a ba kowanne almajirai, su tayar da zaure na gaske mai bakan gizo da ɗaurin guga, da ƙyaure sassaƙaƙƙe, a gaban idon yaran makaranta da ke cika gidan kullum. In rani ya yi, gwanaye da almajirai su tashi zuwa inda bango ya tsage, a yi gyaran can, almajirai su koya a jikin gini mai shekaru. Ɗaliban makarantar injiniyoyi ta EMIG da na Jami'ar Abdu Mumuni su zo su auna, su rubuta, su gwada ƙarfin ƙasa da na azara, amma su zo da ladabin mai neman sani, domin a wannan fage tsohon da bai iya faransanci ba shi ne malami. A naɗi bayanin gwanayen da harsunansu, da Hausa da Zabarmanci da Buzanci, kafin a fassara.

Kafin wannan ma, a san su waye. A tura wa sarakunan Damagaram da Agadas da Doso da Katsinar Maraɗi da Gobir, su tambayi sarakunan magina da masu unguwanni, a rubuta sunan duk wanda ya iya ɗaura bakan gizo ko haɗa laso, da garinsu, da wanda ya koya masa. Wannan aiki ba ya cin kuɗi, wata biyu ya ishe shi, kuma ina tsoron in aka yi za a ga jerin ya fi yadda muke zato gajarta.

Sai maganar kwangila, wadda a nan ne sana'ar take shan wulaƙanci. Tsarin ba da aikin hukuma yana neman rajista da takardun haraji da asusun banki. Gwanin magini ba shi da ko ɗaya. Sai ɗan kwangila ya karɓi aikin, ya ɗauko gwanin a matsayin lebura, ya ce masa a gama kafin ranar buɗewa. Ƙasa kuwa ba ta san ranar buɗewa ba, sai ta bushe. A gyara ƙa'ida yadda duk ginin ƙasa da ke cikin jerin kayan tarihi ba za a taɓa shi ba sai da gwani daga cikin jerin sunayen maginan nan, shi ne mai faɗa a ji a kan ƙasa da itace da lokaci, kuma a hana shafa masa siminti. A kuma daina jiran babban aiki na miliyoyi da baƙi za su kawo. Abin da gine-ginen nan suke so kuɗi ne kaɗan da ke zuwa kowace shekara ba fashi, a kan kari, tsakanin ƙarshen sanyi da faɗuwar ruwan farko: a share indararo, a toshe tsaga, a ɗaga dakali a gindin bango, a buɗe magudanar da leda ta cike. Rigakafi ya fi magani, kuma a nan ya fi shi araha nesa ba kusa ba.

Azara ma tana son magana tsakaninka da takwaranka na muhalli. Dazuzzukan giginya na Gaya da Dallol Mauri dukiya ce da aka sha wahala wajen karewa, kuma ba na neman a sake su ga masu gatari. Giginya tana ɗaukar shekaru da yawa kafin ta isa tsagawa. A ware wani kaso sananne kowace shekara don gyaran gine-ginen tarihi, a sayi itacen daga hannun mutanen yankin da farashi mai kyau, duk wadda aka sare a dasa wasu a madadinta. In ba haka ba, magini zai sa duk katakon da ya samu a kasuwa, gara kuma ta gama da shi cikin ƴan shekaru.

Na san abin da za a ce. Ƙasa tana fama da matsalar tsaro, ga ƴan gudun hijira, ga waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu, wa ke ta tsohon bango? Wasu kuma za su nuna gidajen ƙasa da suka narke a Lamorde da Saga lokacin da kogi ya cika a 2020, su ce ga ƙarshen ginin ƙasa nan. Ban raina wannan magana ba, domin mutane sun kwana a makarantu da ƴaƴansu. Amma gidajen nan a hanyar ruwa aka gina su, da siririn bango, ba tushe, saboda abin da mai gida ya iya ke nan. Akasarin ƴan Nijar a ɗakin ƙasa suke kwana, kuma za su daɗe a haka, ko siminti ya yi araha. Yaron da ya koyi yadda ake kafa tushe da kare gindin bango a jikin fadar Damagaram, shi ne gobe zai gina wa talaka ɗakin da zai jure damina. Kuɗin da aka kashe a wannan aiki kuma ba ya ƙetare iyaka: mai jaki da ya kawo ƙasa, da matar da ta tara ɓawon ɗorawa, da maƙeri, da mai igiya, duk a garin suke. A lokacin da muke ta maganar dogaro da kai, ban ga sana'ar da ta fi wannan cancantar shiga gaba ba.

Ina roƙonka, kafin ruwan bana ya sauka, ka tura ayari, magini da injiniya tare, su bi Birni gida gida, su duba fadar Doso da masallatan Tawa da tsohon garin Agadas, su rubuta wanda zai iya jira da wanda ba zai kai kaka ba, a fara da na biyun. Rahoton kuma a karanta shi a rediyo da harsunan ƙasa, don masu gidajen su san halin da bangayensu ke ciki.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke nauyin da aka ɗora maka. Wassalam.

Naka,
Wani ɗan ƙasa, daga Yamai.